Sunan da Inna Hanne Ba Ta Taɓa Kira Ba

Shafi na 19

Da sunan Allah mai rahama.

Masu cewa na cika jan rai, na ji ku. Larai har da kirana a waya, wai in na sake barin Wasila a bakin filin nan za ta fice daga zaure. Zauna abinki Larai, yau ba kwana-kwana.

Wanda ya shigo mana yau kuma, ga inda muke. Shekarar 1965 ce. Mu'azu na Gafasa ya tafi yaƙin Burma ya bar matarsa da ciki, bai dawo ba, duk ƙasar Gaya kuma an yarda gudu ya yi daga soja. 'Yarsa Wasila ta tashi ana ce mata 'yar mai gudu. Yanzu tana aure a Ajingi da tsohon ciki, surukinta Alhaji Abdulsalam ya rantse in namiji ta haifa, sunan mai gudu ba zai shiga gidansa ba. A kasuwar Wudil ta tsinci Baba Ɗantani, makaho mai tufkar igiya, wanda ya ce tare suka yi yaƙi da ubanta. Yau sha ɗaya ga Nuwamba, ranar da mazan jiya suke taruwa su tuna da waɗanda suka kwanta dama a yaƙin Turawa. Ta ɗauko makahon, ta ɗauko kakarta Inna Hanne, sun iso filin makarantar Gaya, inda ake faretin.

To mu je.

*

Begila ta ɗauke, filin makarantar ya yi tsit.

Shirun minti biyun nan ne da Turawa suka bari, ana yin sa duk shekara da hantsi. Tsofaffin sojoji sun jeru cikin kakinsu da ya koɗe, kowa da jan furen takarda a ƙirji. Wani kakin ya yi masa yawa, wani tumbi ya hana maɓalli shiga. Amma a tsaye suke ƙyam, ko ƙuda ba mai korewa.

A rumfar manya akwai wakilin hakimi, da wani dogon Bature da ya zo daga Kano da kambin furanni, sai masu hali na gari. Alhaji Abdulsalam yana cikinsu da rawaninsa da carbinsa.

Wasila ta kalle shi sau ɗaya ta kau da kai. Abin da ya ɗaure mata kai, tun da ta zaunar da Baba Ɗantani a benci kusa da rumfar, surukin nata bai sake cewa uffan ba. Mutumin da ko a wajen jana'iza sai an roƙe shi ya rage murya, musamman in ya fara labarin fataucin goron da ya yi a Ikko lokacin yaƙi. Yau har amawali ya ja ya rufe baki.

Begila ta sake tashi. Baturen ya ajiye furanninsa a gindin sandar tuta, ya ja da baya.

Sai Sajan Maikuɗi, shugaban mazan jiya, ya fito tsakiyar fili, lambobin yabo suna kaɗawa a ƙirjinsa. Al'adarsu ce, da ka yake kiran sunayen 'yan ƙasar Gaya da ba su dawo ba, sahun sojoji su amsa a madadinsu.

"Da'u Balan!"

"Yana nan!"

"Kawu Ajingi!"

"Yana nan!"

Haka ya yi ta jerowa, mata a gefe suna share hawaye da bakin mayafi. Wasila tana jin kowane suna, tana jiran wanda ta san ba zai zo ba.

Sajan ya gyara tsayuwa.

"Shi ke nan. Allah ya jiƙan maza. Fareti zai…"

"Saura ɗaya!"

Muryar mace ce. Gaba ɗaya aka waiga.

Wasila ce ta tsallake igiyar da aka kewaye filin da ita, hannu ɗaya a ƙugu saboda nauyin ciki, tana takowa a hankali.

"Wace ce wannan?"

"'Yar mai gudun nan ce ta Gafasa."

"La ilaha! Ba ta da kunya ne?"

Duk ta ji su, ko a jikinta.

Sajan ya haɗe rai.

"Ke yarinya, nan ba kasuwar nono ba ce."

Ta ɗan rusuna.

"Na sani, Baba Sajan. Ka yi haƙuri. Ka manta da mutum ɗaya ne."

"Ban taɓa mantuwa a filin nan ba."

"Ubana."

"Ba na kiran sunan wanda ya ba da baya." Ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Waɗannan da kika ji an amsa musu, gaba suka mutu suna kallo. Naki kuwa? Bayan yaƙi Bature ya zo har Gafasa cikin kaki, da bindiga a ƙugu, yana nemansa. Garin kaf sun gani. Ana neman mamaci da bindiga ne?"

"Ka gan shi ya gudu?"

"Ba bataliyarmu ɗaya ba. Amma uwar da ta haife shi ta ce ba ta san shi ba. Ga ta can zaune, je ki tambaye ta!"

Ya nuna Inna Hanne, wadda take zaune a ƙasa cikin mata, 'yar tsohuwa siririya da baƙin zane. Ta sunkuyar da kai kamar ba da ita ake ba.

Wasila ta juyo ta fuskance shi.

"Baba Sajan, bara da na zo ka ce ƙa'idarku sai an kawo sojan da ya halarci binnewa."

"Na faɗa."

"To na kawo."

Ni dai wallahi yarinyar nan burge ni take.

Baba Ɗantani ya dogara sandarsa ya miƙe. Bai jira a ja shi ba, muryar Sajan ya bi har ya tsaya a gabansa. Ya haɗa dugadugansa, ya sara.

"Farabiti Ɗantani Zuru, Sajan."

Sajan ya kalle shi sama da ƙasa. Ba kaki, ba lamba, sai wata tsohuwar riga da zaren rama ya manne mata.

"Makaho ne zai ba da shaidar abin da ya gani?"

Wasu suka yi dariya.

"Idona a can na bar shi, Sajan, a bakin kogin da za ka ji labarinsa yanzu. In ka ba ni izini."

Wakilin hakimi ya ɗaga hannu daga rumfa.

"A bar shi ya yi magana."

Baba Ɗantani ya juya wajen jama'a.

"Da asuba 'yan Jafan suka auka mana. Kogi a bayanmu, su a gabanmu, masu rauni a kwance. Akwai babbar bindiga guda a kan tudu, ita ce ke tare mana su har a tsallakar da mutane. Mai riƙe da ita Kofur Audu ne."

Ya tofar da yawu gefe.

"Da wuta ta yi wuta, Kofur Audu ya saki bindigar nan ya faɗa daji. Wannan da idona na gani, don a lokacin ina da su. Ban gama zaginsa ba wani abu ya fashe a gabana, duniya ta yi baƙi. Har yau ba ta waye ba."

Dariyar nan ta ɗazu ba ta sake fitowa ba.

"Ina kwance ina kiran uwata, sai na ji an saɓa ni a kafaɗa. Mu'azu ne. Ya tsallakar da ni, ruwa har wuya. Ya ajiye ni ya ce, 'Ɗantani, jira ni, bindigar can ba kowa a kanta.' Na riƙe masa ƙafa na ce kada ya koma. Ya ɓamɓare hannuna ya koma."

"Ya koma?" in ji wani tsohon soja daga cikin sahu, ya ma manta a fareti yake.

"Ya koma. Ina jin bindigar nan ta tashi. Ba ta yi shiru ba sai da na ƙarshenmu ya haye. Da aka ɗauko shi harsashi ya ratsa masa ciki. Ya kai washegari. Da hannuna na shafa fuskarsa na rufe masa ido, da ni aka yi masa salla, da hannuna na zuba ƙasa. In akwai ƙarya a ciki, Allah ya hana ni kwanciyar kabari."

Wasila ta taɓa jin labarin nan a Wudil, amma jin sa a gaban mutanen da suka yi mata gori tun tana goye, daban ne. Hawaye suna zuba, kanta kuwa a sama, ta ƙi sharewa.

Sajan ya yi gyaran murya. Kun san mai girman kai ba ya sauka lokaci ɗaya.

"Labari mai daɗi. To Baturen da ya zo kama shi fa?"

"Kama wa?" Baba Ɗantani ya yi wata dariya mai ciwo. "Kyaftin ɗinmu ne! Shi ma a kogin nan aka tsallakar da shi. Ya rantse da kansa zai kai wa uwar Mu'azu ta'aziyya da jakarsa. Ya tafi da wani akawu ɗan kudu mai Hausar bariki. Da ya dawo ya same ni a asibitin Kaduna, ransa a ɓace, ya ce an nuna masa gidan da ba shi ba ne, matan gidan sun ce ba su san wani Mu'azu ba. Ya bar mini jakar. Ni kuwa na ɗauka Fulani ne sun yi ƙaura da shanunsu."

Fili ya ɗauki hayaniya.

"Ta'aziyya?"

"Ashe gaisuwa ya zo yi?"

"To me ya sa ta ce ba ta san shi ba?"

Wasila ta juya ta nufi kakarta. Da ƙyar ta durƙusa a gabanta saboda cikin.

"Inna."

Inna ta kau da kai.

"Inna, don girman Allah. Me Baturen nan ya ce miki?"

"Ke 'yar nan, tashi ki ba ni wuri. Kin tara mini jama'a."

"Ba zan tashi ba. In ma haihuwa ce sai dai ta same ni a nan."

Inna Hanne ta ja mayafi ta ƙara rufe fuska. Muryarta can ƙasa, amma filin ya yi shirun da har na rumfa sun ji.

"Malam kakanki ba ya nan, ya bi shanu. Daga ni sai uwarki, Allah ya jiƙanta. Mota ta tsaya, yara da manya suka cika ƙofar gida. Mai fassarar nan ya buɗe baki ya kama sunan gatsau. Uwarki tana jin sunan mijinta ta ruga ɗaki."

"Ke fa?"

"Ya ce, ke ce uwar wane? Kin san wane?"

"Sai kika ce me?"

Inna ta ɗago ta harare ta.

"Me zan ce? A gaban mutane? Ɗan fari ne fa!"

Wata tsohuwa a gefenta ta dafe ƙirji.

"Wayyo Allah! Kunya ce!"

"Na ce ban san shi ba," in ji Inna. "Ya sake tambaya, na juya masa baya. Ko liman ne ya tambaye ni haka zan ce. Bature ya yi ja, ya shiga mota. Kafin la'asar gari ya ɗauka an zo kama shi, wai ni na ɓoye shi. Har ni ma na yarda."

Jama'a, kun ji inda abin ya samo asali. Ba gudu, ba kamu. Uwa ce Bafulatana da ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna ta san shi a gaban mutane, da baƙi biyu da ba su san haka ake yi ba. Duk macen da take filin nan ta gane a take, don rabinsu haka suke da nasu. Mazan da suka yi shekara da shekaru suna yaɗa maganar kuwa sai kallon ƙasa.

Baba Ɗantani ya sa hannu cikin rigarsa ya fito da wani ƙullin tsumma.

"Wasila, kai ni wajenta."

Ta kamo sandarsa ta kai shi. Ya tsuguna, ya warware tsumman.

Ɗan ƙaramin ludayi ne. Ya yi baƙi don tsufa, ya tsage a gefe an ɗinke shi da zare. A jikin mariƙinsa akwai zanen sawun zabuwa, irin wanda ake yi da wuƙa mai zafi.

Inna Hanne ta kalle shi. Ta miƙa hannu ta ɗauka.

"Ina ka samo wannan?"

"Kayan jakar duk sun ƙare, Inna. Wannan ne na kasa rabuwa da shi."

"Ni na zana shi." Ta shafa mariƙin da babban yatsa. "Ranar da zai tafi ban fito ba. Ya yi sallama a bakin ƙofa, ban amsa ba. Amma tun yana wanka na cusa wannan a ƙasan jakarsa. Bai san ni ce ba."

"Ya sani."

Ta ɗago.

"Ya sani, Inna. An ba mu kofin ƙarfe kowa da nasa, shi bai taɓa shan ruwa da shi ba sai da wannan. Muna yi masa tsiya, ya ce mu yi ta yi, hannun innarsa ne. Da shi na ba shi ruwan ƙarshe."

Kun tuna na gaya muku kullum in Inna ta dama fura sai ta rage a ƙwarya ta rufe da faifai, in an tambaye ta, ta ce ta baƙo ce? To yau ta faɗi baƙon.

"Ashe ba zai zo ya sha ba," ta ce. "Ni ina cewa yana can wani gari yana jin kunyar dawowa."

Ta rungume ludayin a ƙirji. Ba ta yi kuka ba.

"Bai bar magana ba?" Wasila ce ta tambaya.

Baba Ɗantani ya gyaɗa kai.

"Ya bari. Ban gaya miki a Wudil ba, don ba taki ba ce." Ya juyar da fuskarsa wajen Inna. "Ya ce, 'Ɗantani, ka san abin dariya? Saje ya kira sunana, Bature ya kira, har Indiyawa sun iya shi. Amma ban taɓa jin yadda yake a bakin innata ba.' Yana murmushi ya faɗa, na ji a muryarsa."

Nan fa mata suka fashe da kuka. Ni ma da nake rubutawa sai da na ajiye wayar na ɗan fita tsakar gida.

Wasila ta dafa ƙasa ta miƙe, ta fuskanci Sajan Maikuɗi.

"Baba Sajan, ka ji shaida. Ka kira shi."

Sajan ya cire hularsa, abin da ba a taɓa gani ba a fareti. Idonsa ya kaɗa.

"Na ji, 'yata. Na kuma yarda. Amma ba ni zan fara ba."

"Kamar yaya?"

"Duk sunan da zai shiga filin nan karon farko, na jininsa ne yake buɗe shi. Haka muka yi wa kowa."

"To ni zan kira. Ni jininsa ce."

"A'a." Ya girgiza kai. "A gaban jama'a aka ce ba a san shi ba. Bakin da ya faɗi haka, shi zai warware a gaban jama'a. In ba haka ba, gobe wani zai ce ai uwarsa ma ba ta amsa shi ba."

Tsofaffin matan suka yi caa.

"Haba Sajan!"

"Ɗan fari? A bainar jama'a?"

"Ka taɓa jin an yi? Ai sai ta kasa shiga Gafasa!"

Ran Wasila ya ɓaci. Ta zo har nan, ta sha zagi, ta kawo shaida, sai kuma a kafa mata abin da ta san ba zai yiwu ba. Matar da ko wani Mu'azun daban ne ya zo sayen nono, sai dai ta ce masa mai sunan wancan.

"Baba Sajan, wannan ba adalci ba ne. Ka san…"

"Ke 'yar nan."

Wasila ta waiga.

Inna Hanne ce a tsaye.

"Matsa mini."

"Inna, ba dole…"

"Na ce matsa."

Ta gyara ɗaurin zanenta. Wata ƙawarta ta riƙo mata mayafi tana cewa, "Hanne, ki rufa wa kanki asiri," ta fizge. Ta tsallake igiyar nan da ƙafarta ba takalmi, ta ratsa gaban sahun sojoji, ta tsaya a gindin tuta kusa da furannin Bature. Ludayin yana hannunta.

Ta kalli jama'a. Mutanen Gafasa suna nan, na Ajingi suna nan, na Balan suna nan.

"Kunyata ta ci masa suna shekara ashirin," ta ce. "Ta ishe shi haka."

Ta buɗe baki.

"Mu…"

Muryar ta maƙale. Ta runtse ido. Wasila ta ji ɗan cikinta ya motsa, ta dafe shi da hannu biyu.

"Mu'azu."

A hankali ya fito, kamar mai ɗanɗana abinci mai zafi. Na kusa ne kawai suka ji.

Sajan ya mayar da hularsa.

"Inna, Burma da nisa," ya ce.

Sai tsohuwar nan ta ja numfashi. Muryar da take kiran shanu da ita daga ƙetaren fadama tun tana budurwa, ita ta ɗauko.

"MU'AZU!"

"YANA NAN!"

Sahun mazan jiya ne suka amsa, suka buga ƙafa a tare har ƙasa ta girgiza.

Inna ta buɗe ido. Wallahi murmushi take.

"Mu'azu ɗana! Na san shi! Ni na haife shi! MU'AZU!"

"YANA NAN!"

Wata mata daga Gafasa ta rangaɗa guɗa, saura suka ɗauka. Ƙawar nan da ta riƙe mata mayafi ita ce kan gaba. Mai begila bai jira umarni ba, ya ɗaga ya busa wa Mu'azu shi kaɗai. Wakilin hakimi ya miƙe, rumfar gaba ɗaya ta miƙe. Baturen Kano bai san me ake cewa ba, amma da aka raɗa masa sai ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

Sajan Maikuɗi ya taka har gaban Inna, ya ƙame, ya sara mata. Ya cire jan furen ƙirjinsa ya miƙa wa Wasila.

"Sa mata. Daga yau, muddin ina numfashi, da sunansa zan fara." Ya sassauta murya. "Ki yafe mini, 'yata."

Wasila ta maƙala furen a mayafin kakarta.

"Inna, ashe kin iya shi."

"Rufe mini baki, marar kunya. Duk ke kika ja." Ta share ido da bayan hannu. "In namiji kika sauke, ki sa masa. Zan kira shi safe da yamma, in ga mai hana ni."

Wasila ta yi dariya cikin hawaye. Ta ɗaga kai ta kalli mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, masu ce mata 'yar mai gudu a bakin rijiya, a kasuwa, har a ranar aurenta. Yau ba wanda ya iya haɗa ido da ita.

Sajan ya juya ya fuskanci fili.

"Jama'a! Wannan karon ba sojoji kaɗai ba. Duk wanda ya taɓa cin naman bawan Allahn nan, ya amsa. Na rumfa da na rana!"

Ya cika ƙirji.

"MU'AZU GAFASA!"

"YANA NAN!"

Filin kaf ya amsa, maza da mata, har tsuntsaye suka tashi daga kan darbejiyar makaranta.

Mutum ɗaya ne bai amsa tare da jama'a ba. Wakilin hakimi ya waiga ya kalle shi, na kusa da shi ma suka kalle shi. Ba yadda zai yi. Bayan kowa ya yi shiru, sai muryarsa ta fito ita kaɗai daga rumfa, a shaƙe.

"Yana… yana nan."

Baba Ɗantani, wanda aka mayar da shi bencinsa a gindin rumfar, ya ɗago kai da sauri. Sandarsa ta faɗi.

"Wasila."

Ta matso tana murmushi.

"Na'am, Baba?"

Ya damƙi hannunta, damƙar da ta sa murmushin ya ɗauke.

"Wane ne ya amsa yanzu? Na ƙarshen nan?"

"Baba, mutane ne da yawa…"

"A'a. Shi kaɗai. Daga bayana." Ya miƙe tsaye, ya juya fuskarsa wajen rumfar, ya nuna da yatsa. "Idona ya tafi, amma kunnena yana nan. Shekara biyu muryar nan tana ba ni umarni."

Ya ɗaga murya yadda duk filin zai ji.

"Kofur Audu! Ashe kana raye?"

Wasila ta bi yatsan da kallo.

A kan surukinta ya tsaya. Carbin Alhaji Abdulsalam ya tsinke, 'ya'yansa suna gangarowa ɗaya bayan ɗaya har gaban ƙafarta.